Yaron da ya yi jinkirin magana

Ɗan'uwa, ƴar'uwa, yara ba su tashi daidai. Wani yana da sauri, wani yana da nawa. Amma akwai jinkirin da ba a zauna a kansa. In yaro ya kai wata 9 ba ya zama shi kaɗai, ko ya kai wata 18 bai fara tafiya ba, ko ya cika shekara 2 bai ce ko "inna" ba, to lokacin zuwa likita ya yi.

Sau da yawa sai ka ji an ce iska ce ta taɓa shi, ko a ce ai ubansa ma haka ya yi. Ana wannan magana, shekaru suna wucewa. Alhali abin yana da dalilai sanannu: wahalar haihuwa, tamowa, zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, da sanƙarau.

Bari mu tsaya kan sanƙarau, ciwon nan da ya yi ɓarna a ƙasarmu a 1995 da 1996. Yaro yakan warke, amma ya bar shi da kurumta. Wanda ba ya ji kuwa ba zai koyi magana ba, ko da hankalinsa garau yake. Yara da yawa ana kiransu wawaye, alhali kunne ne kawai. Ki gwada a gida: ki tsaya bayansa inda ba ya ganinki, ki kira sunansa ko ki tafa hannu. In bai waiwayo ba, ki gaya wa likita.

Ku fara da likitar da ke kusa da ku. Ku tafi da karnen awon yaro. Uwa ta je da kanta, don ita ta san yadda haihuwa ta kasance, da ciwon da ya yi, da ranar da ya taɓa suma. Kai maigida, ka raka ta, kada ka ce wannan sha'anin mata ne. A 2006 gwamnati ta yanke cewa a duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta. Duk da haka ku riƙe ɗan kuɗi, don wani lokaci magani yakan yanke.

In abin ya fi ƙarfinsu, za su ba ku takarda zuwa babban asibiti, kamar na Maraɗi, Tawa, Damagaram ko Yamai. Ku adana takardar nan. Akwai kuma makarantun kurame a Yamai, Maraɗi da Damagaram, inda ake koyon karatu da maganar hannu.

Kafin ranar tafiya, kada a ɗaure shi, kada a kulle shi a ɗaki don kunyar baƙi. A riƙa yi masa magana yana kallon bakin mai yi, a nuna masa ƙwarya a ce "ƙwarya", a bar shi ya fita wasa da ƴan'uwansa.