Kyamara a kan babur: Abin da ya kamata matasan Bangi su sani kafin su fara ɗaukar hanya

Ga ɗan Bangi da ke ci-rani a Abidjan, Legas ko Libiya, bidiyon hanyar ƙauyensu ya fi dogon labari a waya. Yana so ya ga ko damina ta cinye hanya, ko gero ya yi kai, ko kasuwa ta cika. A wannan yanki na gundumar Madawa da ke jihar Tawa, inda mota ba ta shiga kowane lungu, babur ne ke kai mutum ko'ina, kuma shi ne hanya mafi sauƙi ta ɗauko irin wannan hoto.

Sai dai ɗaura kyamara a kan babur na da nasa ƙa'idoji. Wanda bai kiyaye ba zai iya asarar wayarsa, ko ya jawo wa kansa abin da ya fi asarar waya.

Girgiza ce babbar matsala

Yawancin baburan da 'yan kabu-kabu ke hawa inji mai silinda ɗaya gare su, kuma girgizarsa na bi ta ƙarfe har zuwa hannun babur, wurin da aka fi maƙala waya. A cikin wayoyi masu tsada, idon kyamara ba a kafe yake ba: yana motsi kaɗan domin ya gyara rawar hannu. Girgizar inji na gajiyar da wannan ɓangare har hoto ya daina tsayawa.

A watan Satumban 2021 kamfanin Apple ya gargaɗi masu iPhone kada su ɗaura ta a kan manyan babura, ya kuma ba masu ƙananan babura shawarar sanya mariƙi mai rage girgiza, tare da guje wa yin hakan na dogon lokaci.

Ƙananan kyamarori irin su GoPro, waɗanda aka ƙera domin motsi, sun fi jure wannan wahala. Amma ko su, hotonsu kan yi rawa kamar ruwa idan hanya ta yi gargada, irin hanyoyin duwatsun Adar da ke wajen Buza da Kaita.

Ina ya fi dacewa a ɗaura ta?

Ƙirji ne ya fi ba da hoto mai natsuwa, domin jikin mutum na shanye girgiza kafin ta kai ga kyamara. Hular kwano ma tana yi, kuma kyamara na bin duk inda mahayi ya duba, amma huda hular domin sa ƙusa na rage mata ƙarfi ranar da aka faɗi.

Wanda ya zaɓi hannun babur, ya sa yankin robar taya tsakanin mariƙi da ƙarfe, ya ɗaure noti sosai, sannan ya ƙara igiya ta biyu don kada waya ta faɗi a hanya. Kada mariƙin ya tare birki ko ya hana juya kan babur. A kunna ɗauka kafin a tashi, a kashe bayan an tsaya. Taɓa waya ana cikin gudu shi ne mafarin haɗari.

Akwai kuma yanayi. Ƙurar hunturu na shiga ramin caji da makirufo, yayin da zafin bazara, wanda kan haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, ke sa waya ta kashe kanta idan ta daɗe a rana tana ɗauka.

Abin da kyamara ta gani

A Bangi, abin da aka ɗauka ya fi yadda aka ɗauka muhimmanci. Ƙaramar hukumar na kan iyaka da jihar Sakkwato ta Najeriya, ta kuma karɓi dubban 'yan gudun hijira da suka tsere wa 'yan bindiga. Satar shanu da garkuwa da mutane sun sa jama'a na ɗari-ɗari da baƙuwar fuska, ballantana mai kyamara.

Kyamarar da ke kan babur ba ta zaɓe. Tana ɗaukar shingen jami'an tsaro, garken wani, ƙofar gidan ɗan kasuwa, da matan aure a bakin rijiya, duk a tafiya ɗaya. Da zarar bidiyon ya hau TikTok ko WhatsApp, mai shi ba ya da iko da wanda zai kalla. Abin da ɗan ci-rani ke kallo don kewar gida, ɓarawo na iya kallonsa don sanin hanya.

Shi kansa babur abin sa ido ne a Nijar. An hana hawansa a jihar Diffa a 2015, haka ma a sassan Tillaberi daga farkon 2020, saboda mahara na amfani da shi.

Doka ma ba ta yi shiru ba. A watan Yunin 2024 gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta yi wa dokar laifukan intanet ta 2019 gyara, inda ta dawo da hukuncin ɗauri. Yaɗa bayanan da ka iya dagula zaman lafiyar jama'a na iya kai mutum kurkuku na shekara 2 zuwa 5.

Amfanin na nan

Duk da haka, bidiyon hanya shaida ce mai ƙarfi. Manomin albasa a fadamar Tarka zai iya nuna wa dillali halin da hanya ke ciki kafin a turo mota. Ƙungiyar 'yan gari da ke waje za ta ga gadar da ta karye kafin ta tara kuɗi, ta kuma ga aikin bayan an gama.

Sharaɗin shi ne a kashe kyamara kafin a isa shinge, a nemi izinin mutum kafin a nuna fuskarsa, a kalli bidiyo daga farko har ƙarshe kafin a tura, kuma kada a wallafa shi sai an dawo gida lafiya.