Wa Ya Kashe Bankin Silicon Valley?

Ranar Laraba, 8 ga Maris 2023, Silicon Valley Bank shi ne na 16 a girma a duk Amurka, da dukiyar da ta haura dala biliyan 200. Ranar Juma'a da hantsi hukumar kula da bankuna ta jihar Kalifoniya ta garƙame shi. An shafe shekara kusan arba'in ana gina shi, ya rushe cikin kwana biyu. To, wa ya yi wannan aika-aika?

Wanda ake fara zargi ɗan gida ne. Shugaban bankin, Greg Becker, ya sayar da hannun jarinsa na kimanin dala miliyan 3.6 ana saura kwanaki kaɗan bankin ya rushe, kuma abin ya ja surutu. Amma miliyan uku da ɗoriya ba sa kayar da biliyan 200. A sallame shi tukuna.

Ko dai ruɓaɓɓen bashi ne, irin na gidaje da ya durƙusar da bankin Lehman Brothers a 2008? Na so ƙwarai ya zama shi, don labarin ya fi sauƙin bayarwa. Sai dai masu cin bashin bankin suna biya lafiya lau. To ko kuɗin kirifto? A ranar Larabar nan bankin Silvergate, na 'yan kirifto, ya sanar zai rufe. An zo kusa. Amma ba shi ba ne.

Mu bi sawun kuɗin. Lokacin korona kamfanonin fasaha sun yi ta jibga wa bankin ajiya, har ta ninka uku tsakanin 2019 da 2021. Kuɗi sun yi masa yawa, ya rasa wanda zai ranta wa. Sai ya zuba su inda kowa ya yarda ba a asara: takardun lamuni na gwamnati da waɗanda hukumominta suka tsaya wa, masu dogon wa'adi, ruwansu bai kai kashi 2 cikin ɗari ba.

Ashe mai laifin ke nan.

Daga Maris 2022 Babban Bankin Amurka ya shiga ƙara kuɗin ruwa don daƙile hauhawar farashi, daga kusan sifili zuwa sama da kashi 4.5 cikin shekara guda. Wa zai sayi tsohuwar takarda mai kashi 2 alhali ga sabuwa mai kashi 4? Sai dai a karya masa farashi. Takardun ba jabu ba ne, in wa'adi ya cika za a biya ko sisi ba zai yi ciwon kai ba. Wa'adin ne ke da nisa. Kamar wanda ya kwashe kuɗin ajiyar mutane ya sayi raguna don Babbar Sallah, masu kuɗi suka yi masa sallama tun ba a ga watan azumi ba.

Kuma masu ajiyar sun yi sallamar, don jari ya daina kwarara wa kamfanonin, suna cin ajiyarsu. Bankin ya sayar da takardun dala biliyan 21, ya tafka asarar biliyan 1.8, ya fito ya faɗa. Inshorar ajiya iyakarta dala 250,000, kuma mafi yawan kuɗin da ke ciki sun wuce nan. Masu ajiyar kuma sun san juna, wayoyi suka ɗauki ƙara. Ranar Alhamis kaɗai an nemi cire dala biliyan 42, galibi ta waya da kwamfuta. An riga an jera buƙatun wasu biliyan 100 na Juma'a.