Auna jagorar manhaja da ma'aunin ƙamus: misalin neman tashoshin awon ruwa

A watan Satumba na 2020 ruwan kogin Isa ya kai santimita 700 a tashar awo ta Yamai, alhali jan gargaɗi yana somawa ne daga 620. Wannan adadi ya fito daga tasha guda mai suna da lamba da matsayi a taswira. Irin waɗannan tashoshi dubbai ne a duniya, kuma da manhaja mai bincike yake nemo su a yau. Kowace manhaja tana zuwa da jagora, wato rubutun da ke bayyana yadda ake aiki da ita. Tun da jagora aikin harshe ce, ana iya auna ta kamar yadda ake auna ƙamus.

Misalin da ya dace shi ne dataRetrieval, manhajar da hukumar USGS ta Amurka ta samar domin masu aiki da harshen kwamfuta na R. A cikinta akwai umarnin whatNWISsites, wanda ke zaƙulo tashoshin awon ruwa na ƙasar daga rumbun hukumar.

Ma'auni na farko shi ne ma'ana. A wannan rumbu, abin da ake kira tasha yana iya zama bakin kogi, ko tafki, ko rijiya, ko idon ruwa. Tashar kogi galibi lambarta tana da alƙaluma 8, ta rijiya kuwa 15. Jagorar da ba ta fayyace wannan ba ta yi kama da ƙamus da ya ba kalma mai harshen damo ma'ana guda, ya yi shiru a kan sauran.

Na biyu shi ne jeri. Mai son ya nemi tashoshi a wani yanki zai rubuta lambobi huɗu: iyakar yamma, ta kudu, ta gabas, sannan ta arewa. Wannan jeri doka ce kamar ta ginin jimla: "Audu ya ga Binta" daban yake da "Binta ta ga Audu". Ƙari ga haka, da yake Amurka tana yamma da layin Girinwic, lambobin yamma da gabas suna ɗaukar alamar ragi. Jagora ta gari takan faɗi dokar, ta biyo ta da cikakken misali wanda mai karatu zai kwafa ya gwada.

Na uku shi ne abin da lambobi ke nufi. Lamba 00060 tana nufin yawan ruwan da ke wucewa, 00065 kuma tsayinsa a jikin ma'auni. Amma da ƙafa ake awon, yayin da ɗalibin Nijar ya saba da mita. Kubik mita ɗaya ya ɗan ɗara kubik ƙafa 35. Wanda jagora ba ta faɗakar da shi ba zai iya ninka ruwan kogi sau 35 a cikin kundinsa ba tare da ya ankara ba.

Na huɗu shi ne rubutun suna, kuma nan ne batun ya fi shafar ƙasar Hausa. Ɗalibin da ya juya zuwa rumbun duniya, kamar na cibiyar GRDC da aka kafa a Kobilenz ta Jamus a 1988, zai yi karo da tambayar da ƴan sashen harshe suka sani: Gulbi ko Goulbi? Komadugu Yobe ko Komadougou Yobé, kogin da ya raba Nijar da Najeriya, kowane gefe da salon rubutunsa? A wurin kwamfuta, ɗ da d haruffa biyu ne mabambanta, don haka Maraɗi da Maradi suna iya ba da sakamako daban. Wajibi ne jagora ta faɗi rubutun da rumbu yake bi, da yadda yake ɗaukar ƙugiya da lanƙwasa da babban baƙi.

Na biyar shi ne fassarar shiru. Idan bincike ya dawo fanko, ko dai babu tasha a wurin, ko an yi kuskuren rubutu, ko rumbun ne bai amsa ba. Jagorar da ba ta rarrabe tsakanin ukun ba za ta sa mai bincike ya rubuta cewa babu tasha a inda take tsaye shekara da shekaru.

Hanyar gwada ma'aunan nan sananniya ce ga duk wanda ya taɓa fita aikin tattara bayanai. A miƙa jagorar ga ɗalibin da bai taɓa ganin manhajar ba, a nemi ya gano tasha guda, a zauna gefe ba tare da an sa masa baki ba. Duk inda ya tsaya yana waige, a rubuta kalmar ko jimlar da ta tsai da shi. Jerin da aka samu shi ne rahoton ingancin jagorar, kuma shi ya kamata a aika wa marubutanta.