Yaye Majiyyaci Daga Maganin Ciwon Damuwa: Rawar Likita da Taimakon Intanet

Ciwon damuwa cuta ce da kan jefa mutum cikin baƙin ciki mai tsawo, ta raba shi da barci da sha'awar abinci da kuzarin aiki, wani lokaci ma har ta sa ya yanke ƙauna ga rayuwa. Tun daga shekarar 1987, lokacin da aka amince da maganin fluoxetine a Amurka, magungunan wannan cuta suka yaɗu ƙwarai a ƙasashen Turai, kuma sun ceci jama'a masu yawa. Sai dai fara shan magani abu ne mai sauƙi. Barinsa shi ne jan aiki. A Ingila, wani rahoto na hukumar lafiyar jama'a da ya fito a 2019 ya nuna cewa mutum miliyan 7.3, wato kashi 17 cikin ɗari na manya, an rubuta musu irin wannan magani a cikin shekara guda. Mafi yawansu a ƙananan asibitocin unguwa ake ba su, a hannun likitan iyali, kuma da dama sukan shafe shekaru suna sha ba tare da an zauna an sake duba ko har yanzu suna bukata ba.

Me ya sa ake son a daina?

Ƙa'idar likitoci ita ce majiyyaci ya ci gaba da shan magani na aƙalla wata shida bayan ya sami sauƙi, wanda kuwa ciwon ya sha dawo masa, ya kai shekara biyu ko fiye. Bayan wannan wa'adi, wasu ba su da sauran bukata, alhali maganin na iya jawo ƙiba, da raguwar sha'awar aure, da dakushewar jin daɗi ko ɓacin rai, ga tsofaffi kuma har da yawan faɗuwa. Duk da haka ba kowa ne ya dace ya daina ba. Wani gwaji mai suna ANTLER, wanda aka buga sakamakonsa a 2021, ya bi mutum 478 a Ingila har tsawon shekara guda. Cikin waɗanda suka bar magani, kashi 56 cikin ɗari ciwon ya dawo musu. Cikin waɗanda suka ci gaba da sha kuwa, kashi 39. Ke nan maganin yana ba da kariya, amma kuma fiye da mutum huɗu cikin goma sun rabu da shi lafiya lau.

Abin da ke faruwa a ƙwaƙwalwa

Ƙwayoyin jijiyoyin ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo ta hanyar wasu sinadarai, ɗaya daga cikinsu shi ne sarotonin. Da zarar ya isar da saƙo, sai ƙwayar da ta sake shi ta janye shi ta wasu ƙananan kafofi. Galibin magungunan damuwa na zamani aikinsu shi ne toshe waɗannan kafofi, domin sinadarin ya daɗe yana aiki. Idan aka ɗauki watanni ana shan magani, ƙwaƙwalwa takan daidaita kanta da wannan hali. A ƙasar Hausa yayen yaro rana ɗaya ake yinsa, a kai shi gidan kaka. To, ƙwaƙwalwar da ta saba da magani ba ta jure irin wannan yaye ba. In aka tsayar da magani kwatsam, mutum na iya fuskantar jiri, da tashin zuciya, da rashin barci, da munanan mafarkai, da saurin fushi, da wani irin fizga a kai kamar jan wutar lantarki. Maganin da ke saurin fita daga jini, kamar paroxetine da venlafaxine, ya fi kawo waɗannan alamu. Fluoxetine kuwa, da yake yakan daɗe a jiki, nasa sun fi sauƙi.

Babban haɗarin shi ne a ɗauki alamomin yaye a matsayin dawowar ciwo, a mayar da mutum kan magani na wasu shekaru. Akan bambanta su da cewa alamomin yaye sukan taso cikin 'yan kwanaki, su zo da jiri da fizga, kuma su lafa da wuri in an koma kan magani, shi kuwa ciwon damuwa yakan dawo sannu a hankali.

Akwai kuma wani lissafi mai ban mamaki. A 2019, masu bincike biyu na birnin Landan, Mark Horowitz da David Taylor, sun yi nazarin hotunan ƙwaƙwalwa, suka nuna cewa miligiram 20 na citalopram yakan toshe kusan kashi 80 cikin ɗari na kafofin nan, amma miligiram 5 kacal yakan toshe kusan kashi 60. Wato saukowa daga 20 zuwa 5 ɗan taki ne, amma daga 5 zuwa babu tsalle ne daga kan katanga. Saboda haka ragin sai ya riƙa ƙanƙancewa yayin da ake kusantar ƙarshe, wani lokaci ma sai an koma ga maganin ruwa domin a iya auna ɗan kaɗan. A 2022 hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jiyya a Ingila, ta fitar da jagora da ke umartar a rage magani mataki-mataki.

Gwajin taimakon intanet

Irin wannan saukowa na bukatar sa ido na watanni, ga shi kuwa likitan iyali mintoci kaɗan yake da su ga kowane majiyyaci. Wannan ne ya sa masana ƙarƙashin jagorancin Farfesa Tony Kendrick na Jami'ar Southampton suka shirya gwajin REDUCE. Sun tsara wani shiri na intanet mai suna ADvisor, wanda majiyyaci zai buɗe a gida ya karanta yadda ake rage magani, da yadda ake jure alamomin yaye, da dabarun shawo kan fargabar dawowar ciwo. Likitoci ma an yi musu nasu sashen mai ɗauke da jadawalin ragi. Bugu da ƙari, wani jami'in kula da lafiyar tunani yakan buga wa majiyyaci waya har sau uku.

Mutum 330 daga asibitoci 131 na Ingila da Wales suka shiga, dukkansu sun daɗe kan magani, sun sami sauƙi, kuma suna son dainawa. Aka raba su gida biyu: rukunin farko likita ya duba su kawai, na biyu kuwa aka haɗa musu da intanet da waya. Sakamakon da aka buga a 2024 ya nuna cewa bayan wata shida, kusan kashi 42 cikin ɗari na rukunin farko sun bar magani, a rukuni na biyu kuma kashi 45 da rabi. Wannan tazara ba ta kai a kafa hujja da ita ba. Amma waɗanda suka sami taimakon intanet da waya sun ɗan fi ƙarancin alamomin yaye da na damuwa, kuma sun fi samun natsuwa.

Kammalawa

Darasin gwajin nan a fili yake. Abin da ya fi tasiri shi ne likita ya kira majiyyaci su zauna su tattauna, su tsara ragin tare. Intanet ba ta maye gurbin likita ba, sassauta wahalar hanya ta yi. Wanda ke shan irin wannan magani, a Ingila yake ko a wata ƙasa, bai kamata ya tsayar da shi da kansa ba, ko da yana jin ya warke sarai. Wajibi ne ya koma wurin wanda ya rubuta masa, a duba tarihin ciwonsa, a zaɓi lokacin da hankalinsa yake kwance, sannan a fara ragi, a kuma dakata duk lokacin da jiki ya nuna alamar wahala. Masu iya magana sun ce sannu ba ta hana zuwa.