Masu nemo wa bankuna abokan hulɗa: aikin da ba a koyar da shi a jami'a

Tun kafin rana ta yi zafi ake ganin su a babbar kasuwar Maraɗi ko kasuwar Dole ta Damagaram, samari da ƴan mata cikin tsafta, riƙe da takardun buɗe asusu. Daga nesa aikin banki ne, abin alfahari ga iyaye. Amma a farkon kowane wata ana yanka wa ma'aikaci adadin asusun da zai buɗe da kuɗin ajiyar da zai kawo, kuma da wannan ake auna shi, wani lokaci har da sabunta kwantaraginsa.

Kasuwar kuwa ba ta da sauƙi. Ɗan kasuwa na da Nita da Amana don aika kuɗi, yana da adashi, kuma da yawa na gudun duk abin da ya yi kama da kuɗin ruwa. Sannan mutane ba su manta da takunkumin CEDEAO da UEMOA ba, bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, lokacin da mai kuɗi ke yini a layi a ba shi kaɗan daga cikin nasa. An ɗage takunkumin a Fabarairun 2024, amma har yanzu ƙaramin ma'aikaci ne ke shan ƙorafin a bakin rumfa.

A nan ne ake gane wanda ya samu na gaba mai riƙe masa hannu. Tsohon hannu ya san ba a zuwa wa Alhaji da takarda ranar farko: gaisuwa ce, a zauna, a sha shayi, a dawo. Ya san ranar da kaya ke sauka ba ranar magana ba ce, ya san yaron shagon da ake bi ta kansa. Mafi muhimmanci, idan wata ya ƙare adadi bai cika ba, shi ke shiga tsakani a gaban shugaban reshe.

Wanda aka sako shi kaɗai kuwa, dangi yake bi da roƙo su buɗe asusun da ba za su zuba ko dala ba. Adadin wannan wata ya cika. Na gobe kuma dangin sun ƙare, kuɗin kabu-kabu na fita daga aljihunsa, ya fara tambayar abokai labarin aiki a ƙungiyoyin agaji.