Tsamin Ƙasa a Makiyayar Dabbobi: Leƙe a Yankin Abuja

Gabatarwa

A hutun da ya wuce na ziyarci wata ruga kusa da makiyayar Paikon Kore, cikin Gwagwalada. Wani dattijo ya ce mini: "Ɗana, ruwan sama bai ragu ba, amma ciyawa sai ja da baya take yi, nono ma haka." Cinkoson shanu na iya jawo haka, amma akwai wani dalili da ido ba ya gani, wato tsamin ƙasa. A kansa zan yi ɗan bayani ga 'yan'uwana ɗalibai.

Mene Ne Tsamin Ƙasa?

Bahaushe ya san tsami a tsamiya da yakuwa. To, ita ma ƙasa tana yin tsami, sai dai ba da harshe ake gane shi ba. Masana suna auna shi da ma'aunin pH, wanda ya kama daga 0 zuwa 14. Lamba 7 ita ce tsaka-tsaki, duk abin da ya gaza ta kuwa tsami ne. Idan awo ya sauka ƙasa da 5.5, sinadarin alminiyam yakan narke ya hana saiwa tsawo, sannan ƙasa ta riƙe sinadarin fosfaras ta hana tsiro sha.

Dalilansa

Na farko, ruwan sama. Yankin Abuja yakan sami milimita 1,100 zuwa 1,600 a shekara, fiye da Kano ko Katsina. Wannan ruwa yana wanke kalsiyam da magniziyam zuwa can ƙasa, alhali su ne ke kashe tsami. Na biyu, takin zamani irin su yuriya, idan aka daɗe ana zubawa. Na uku, fitsarin shanu da ke taruwa wuri ɗaya: ciyawa ba ta iya shanye sinadarin naitirojin da ke cikinsa, sai ruwa ya tafi da ragowar tare da kalsiyam. Na huɗu, yankan ciyawa a kai kasuwa ba tare da mayar wa ƙasa komai ba.

Magani

Matakin farko shi ne a kai samfurin ƙasa a gwada, misali a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru. Idan tsami ya tabbata, sai a barbaɗa farar ƙasa, wato garin dutsen nan da ake siminti da shi, kafin damina. Toka da kashin shanu su ma suna taimakawa. Amma kada a yi zaton kanwa za ta yi, don tana kashe tsamin miya. Gishirin cikinta ɓata ƙasa yake yi.

Haka kuma a riƙa sauya wurin kwanan shanu, a kuma shuka ciyayi masu jure tsami, kamar gamba da sitailo. A shekarun 1980 masu bincike sun gwada killace filayen sitailo tare da makiyayan Kachia, domin abincin rani.

Kammalawa

Mu ɗaliban Hausa muna da rawar takawa. Makiyayi a Kawu ko Karshi zai fi amfana da wannan ilimi idan ya zo masa cikin harshen da yake ji. Idan makiyaya ta mutu, shanu gonaki za su nufa, kowa kuwa ya san abin da ke biyo baya. Rigakafi dai ya fi magani.