Tsohon Babur a Hannun Sabon Mahayi: Maganganun Bakin Gareji, Wace Ce Gaskiya?

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, naira kuma ta yi ƙasa, sabon babur ya fi ƙarfin yawancin mutane. Ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da ke kwana a cikin gari, da malamin firamare da aka tura Birchi ko Wurma, da mai noman rani da ke kai da komo zuwa bakin madatsar Zobe, abin da aljihunsu ke iya kaiwa shi ne na hannu: Boxer da ta sha acaɓa, ko Jincheng da ta girmi mai hawanta, ko roba-roba da aka ɗaure gefenta da waya. Ranar da mutum ya turo shi gida, ranar shawarwari ke fara sauka. Maƙwabci ya ba da tasa, mai faci ya ba da tasa, ɗan bumburutu ma ba a bar shi a baya ba.

Abin da ya sa tace waɗannan maganganu ke da wuya shi ne, da yawansu ba ƙarya ba ne tun asali. Gaskiya ne, amma game da wani babur daban, a wani zamani daban.

Ɗauki maganar zuba baƙin mai a cikin fetur. Dattijo zai ce maka, "Yaro, in kana son injinka ya daɗe, duk shan mai ka ɗiga masa baƙin mai a tanki." Shi a kan Suzuki da Yamaha na da ya koyi hawa, kuma waɗannan injuna ne masu bugu biyu, waɗanda ba su da wurin ajiyar mai a ƙasan inji. Man da ke shafe fistin ɗinsu tare da fetur yake shiga, ya ƙone, ya fita da hayaƙi. Jincheng AX100, wadda aka ƙera bisa tsarin Suzuki AX100, ita ma haka take, shi ya sa take da hayaƙi da kuka mai kaifi. Wanda ya sayi irinta, shawarar dattijon ta shafe shi, da sharaɗi guda: man da ake kira 2T take sha, ba kowane baƙin mai ba. Ta fito daga kamfani da ƙaramin tanki da famfon da ke tura man da kansa. A tsofaffi da yawa makanikai sun cire famfon, sai dai a haɗa a tanki da hannu. Sabon mai babur ya tambaya ya san wanne ne nasa kafin ya hau hanya, don injin da ya yi tafiya babu wannan mai, fistin ɗinsa kamawa yake yi.

Boxer kuwa, da roba-roba, da sauran masu bugu huɗu, mansu na can ƙasa yana zagayawa. Zuba musu mai a fetur ba ya ƙara musu komai sai baƙin filogi da dattin da ke taruwa a kan bawul. In ka ga Boxer tana fitar da hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, ba lafiya ba ce: ringi ya ci, ko robar bawul ta saki, tana ƙona man da ya kamata ya zauna a ƙasa.

Sai maganar launi. Ana cewa man da ya yi baƙi da wuri jabu ne, mai kyau shi ne wanda ke zama fes. Kusan akasin haka ne. Aikin mai har da kwashe dattin ƙuna ya riƙe shi a jikinsa, don haka baƙinsa shaida ce yana aiki. Jabun mai akwai shi a kasuwa, babu musu, amma ba da launi ake kama shi ba. Maganinsa a sayi wanda ke rufe a gwangwaninsa, a buɗe a gabanka. Wata maganar da ta fi wannan ɓarna ita ce wai in kana ciko ba sai ka juye ba. Wannan ɗan inji abin da yake ɗauka bai wuce lita ɗaya ba, kuma wannan lita ɗayan ita ke hidimar fistin da giya da kuloci gaba ɗaya. Ciko yana ƙara yawa ne kawai, bai fitar da ɓarɓashin ƙarfe da ƙurar da suka taru ba. A ganina, a irin hanyoyinmu, bai kamata tsohon inji ya wuce kilomita 1,500 ba a juye ba. Tunda agogon yawancin tsofaffin babura ya daɗe da mutuwa, gara mutum ya rubuta ranar juye a takarda, ya riƙa zare sandar awon mai yana dubawa duk mako, babur na tsaye a miƙe a wuri mai daidai.

Shi ma man mota da ake cewa duk ɗaya ne, ba ɗaya ba ne. Kulocin babur a cikin mai yake kwance. Wasu mayukan motoci na zamani an sa musu sinadarin rage gogayya, wanda ke sa kuloci santsi: ka ja totur inji ya yi ta ihu, babur bai ƙara gudu ba. Wanda aka rubuta 4T ko JASO MA a jikinsa shi aka yi don wannan aiki. Wanda aka juye daga mota ko janareta ake sayarwa a gora kuwa, ko a sarƙa ba na son ganinsa, balle a inji.

Yanzu mu zo kan abin da ya fi kashe babura tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma, wato ƙura. Wani zai ce cire soson iska yana sa babur "ya buɗe". Ƙara kam tana ƙaruwa, kuma in soson ya toshe ƙwarai, cire shi zai sa a ji kamar an sami ƙarfi. Daga nan maganar ta samo asali. Amma daga Nuwamba zuwa Maris, lokacin hazo, ga kuma hanyoyin ƙauye da ba su ga kwalta ba, duk abin da soson nan zai tare yana wucewa kai tsaye cikin silinda, ya haɗu da mai, ya riƙa cin ringi da bango kamar ana goga su a dutsen wasa wuƙa. Wata biyu ko uku sai hayaƙi, sai kuma a ce ai dama tsohon babur ne. Shi abin tace iskar, in na soso ne, a wanke shi da kananzir ko ruwan sabulu, a bar shi ya bushe sarai, a shafa masa ɗan mai a matse. In na takarda ne, ba a wanke shi, kaɗewa ake yi, in ya gaji a sake.

Tsadar fetur ta haifo nata maganganun. Mafi yaɗuwa ita ce matse kafireta. Za ka ji an ce, "Oga, matse min ita ta daina shan mai." Gaskiya ne za ta rage sha kaɗan. Sai dai fetur ɗin da ke shiga yana taimakawa wajen sanyaya cikin inji, kuma in iska ta rinjayi mai, ƙunar kan yi zafi fiye da kima. A watan Afrilu, da mutum biyu da buhu a baya, wannan zafin na iya ƙona bawul ko ya huda kan fistin. A mai bugu biyu da ake haɗa mansa a tanki abin ya fi muni, don rage fetur rage man shafawa ne. Filogi shi ne alƙali: a kwance shi bayan tafiya, in bakinsa ruwan ƙasa ne, saiti ya yi, in baƙi ne mai toka, mai ya yi yawa, in ya yi fari fat, an matse fiye da kima, a koma wurin makanike. Tsohon babur da ke zuƙar mai, sau da yawa laifin yana ga toshewar soso, ko taya mai ƙarancin iska, ko birki da ke riƙe, ko kafireta mai yoyo. Jefa ƙwayar kafur a tanki kuwa, wai don mai ya yi auki, ba ya ƙara ko taku ɗaya. Abin da bai narke ba ma yana iya toshe ƙaramar kafar da mai ke bi.

'Yan bumburutu an daɗe ana zarginsu da haɗa fetur da kananzir. A da, lokacin da kananzir ke da araha, zargin na da tushe. Yau shekaru ke nan kananzir ya fi fetur tsada, wanda ya haɗa shi asara zai yi. Matsalar man gefen hanya ta gaskiya ita ce datti da ruwa daga jarka, da gorar da ba ta cika lita ba. Kuma gidan mai ma ba tabbas ba ne: gurɓataccen fetur mai yawan methanol da ya lalata ababen hawa a Fabrairun 2022, daga Beljiyam aka shigo da shi, ta gidajen mai ya bi. Ƙaramar matatar mai ta roba da ake sawa a tiyo tsakanin tanki da kafireta ba ta da tsada, kuma ta fi dogon zargi amfani.

Watsa wa inji ruwa in ya yi zafi, a bar shi. Iska ce ke sanyaya shi ta fukafukan da ke jikin silinda, ruwan sanyi a kan ƙarfe mai zafi kuma na iya lanƙwasa shi ko ya tsaga shi. A tsaya a inuwa, a kuma kankare lakar damina da ta daskare tsakanin fukafukan. Sarƙa ma ba a ɗaure ta tamau. Tana son wasa kamar faɗin yatsu biyu, kuma in za a sake ta, a sake ta tare da haƙoranta na gaba da na baya, in ba haka ba tsofaffin haƙora za su cinye sabuwar.

Akwai magana guda da nake ganin ta fi duk waɗannan haɗari, don ita ba inji take kashewa ba. Ana gaya wa sabon mahayi kada ya taɓa birkin gaba, wai kifar da mutum yake yi, har wasu kan cire wayarsa ɗungurungum. In ka taka birki, nauyin babur da naka gaba yake komawa, tayar baya ta yi sakayau. Shi ya sa a kan kwalta birkin gaba ke yin mafi yawan aikin tsayawa, kusan kashi 70 cikin ɗari. Wanda ya dogara da na baya kaɗai, ranar da akuya ko yaro ya faɗo masa a hanyar Katsina, ja kawai tayar za ta yi. Inda maganar ke da gaskiya shi ne a cikin yashi, ko taɓo, ko tsakiyar kwana: a nan in ka cafki na gaba da ƙarfi, tayar za ta zame ka sha ƙasa. Magani shi ne koyo. A sami fili babu mutane, a riƙa matsa shi a hankali ana ƙarawa, tare da na baya, har hannu ya saba. Hular kwano ma ta sha nata ƙagen tun da hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta ta ranar 1 ga Janairu, 2009, lokacin da aka yi ta yaɗa cewa ana asiri da ita, wasu 'yan acaɓa har suka kifa ƙwarya a ka. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana bayarwa sun nuna tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 40, na raunin kai kuma da kusan kashi 70.

Saura maganar hukuma, wadda a yankinmu ba wasa ba ce, tunda da babura ɓarayin daji ke yawo. Lokaci-lokaci sai a ji wai an haramta babur a duk ƙasa. Tushen wannan shi ne Yulin 2022, lokacin da ministan shari'a na wancan lokaci, Abubakar Malami, ya ce gwamnatin tarayya na duba yiwuwar hakan. Ba a zartar ba. Hanin acaɓa na Kano kuma, wanda ya biyo bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero a Janairun 2013, na Kano ne. Abin da ya tabbata a Katsina shi ne umarnin da gwamnan wancan lokaci, Aminu Bello Masari, ya sa wa hannu a ƙarshen Agustan 2021: an hana goyon mutum uku, an hana sayar da fetur a jarka, an taƙaita zirga-zirgar 'yan acaɓa da dare, an kuma dakatar da cinikin babura na hannu a kasuwar Charanchi. A lokacin, Dutsin-Ma da Kurfi na cikin ƙananan hukumomin da aka ƙayyade musu sayar da mai. Irin waɗannan matakai da yanayin tsaro suke tafiya, don haka kafin tafiyar dare a tambayi ofishin 'yan sanda ko shugabannin 'yan acaɓa, kada a dogara da saƙon WhatsApp.

Dakatar da cinikin Charanchi ya isa ya nuna cewa maganar "tsohon babur ba ya buƙatar takarda" ƙarya ce. Tsoho ma shi ya fi buƙata, don ya bi hannaye da yawa, kuma karɓar kayan sata laifi ne a doka. Kafin kuɗi su fita, a goge jikin inji da wuyan firam a karanta lambobin da aka buga, a gwada su da na rasit ɗin asali. In an ga alamar an kankare ko an sake bugawa, a haƙura komai araha. A je ganin babur da sassafe, a taɓa injin a ji da sanyi, don mai sayarwa kan ɗumama shi kafin ka iso ya ɓoye wahalar tashi. A rubuta yarjejeniyar ciniki da sunan mai sayarwa da na dillali da shaidu biyu, in so samu ne da sanin mai unguwa. Daga nan a je ofishin hukumar tara kuɗin shiga ta jiha a yi canjin suna da lamba, a kuma nemi lasisin tuƙi rukunin A, wanda shi ne na babur.